Inda Wayoyi Ke Komawa Ƙasa

Ranar Talata, ruwa na tsiyaya a Sheffield,
Maureen ta turo shi cikin keken jarirai,
lulluɓe da bargo kamar mai zazzaɓi.
"Na Clifford ne. Tun da ya tafi ba a kunna ba.
Jiya na gwada. Gurnani kawai yake."

Na kunna. Kwalaben suka yi ja a hankali,
garwashi huɗu a cikin gilashi,
sai kukan ya taso daga lasifika
kamar sa ya hangi mahauci.

Na san kukan nan.
A rumfar Baba Tanimu na fara jin sa, a Gusau,
ina ɗan sha biyu, aikina riƙon dalma.

Na zare filogi, amma ban kai hannu ba.
Baba ya ce kafasita ba ta mantuwa:
ka raba ta da wuta, ta wuni, ta kwana,
tana nan riƙe da abin da aka ɗura mata.
"Hannu ɗaya a aljihu, yaro,
kada ta sami hanya ta ƙirjinka."
Na ɗaura mata rizista, na zauna,
ina kallon allurar mita tana saukowa.
Ba a fizge fushi. Tsiyayar da shi ake yi.

Ciki kuwa, shekara hamsin na ƙura.
Kafasitocin sun kumbura, bakinsu ya yi fari
kamar an barbaɗa kanwa.
Ga hannun Clifford ko'ina:
ƙulun dalma kamar kashin awaki,
wayar ƙasa nan, wata can, wata a gindin kusa,
biyar na ƙirga,
kowacce da tata hanyar zuwa gida.
Shi ya sa wutar ke zagaye tana gunaguni,
an ba ta ƙofa biyar, ta rasa ta fita.

Bawan Allah, ka yi iyakar yinka.
Na ga inda sigarinka ta ƙona katako
kana neman kukan nan da daddare.

Na yanke. Na kankare ƙarfe har ya yi ido.
Babbar kafasita, mai shan wahalar taransifoma,
na ba ta gajeriyar hanya tata ita kaɗai,
don ba a bi da ambaliya ta bakin rijiya.
Ƙananan na jera su kan jan ƙarfe guda,
daga mai raɗa zuwa mai tsawa,
duka su sadu a wuri ɗaya tak.
Na murɗa wayoyin dumama kamar igiyar guga.
Hayaƙin dalma ya shiga idona.
Na ɗaure koriyar waya da noti biyu.

Shekarata ashirin da biyu a garin nan.
Ban san inda za a ɗaure tawa ba.

Ranar Juma'a ta dawo, lema na ɗiga.
Na kunna. Kwalaben suka yi ja.
Shiru.
Shirun da na kwana uku ina nema.
Na taɓa tsirkiyar jita, ƙara ta fito tas
kamar ruwan randa.

Ta ce, "A kunne yake?"
Na ce a kunne yake.

Ta daɗe tana duban ƙyallen gabansa.
"Shekara arba'in ina jin gurnanin nan ta ƙarƙashin daɓe.
Ina wanke kwanoni, in na ji shi,
na san yana gida."

Ban sami abin cewa ba.
Baba Tanimu bai koya mini wannan ba.

Ta biya, ta ƙirga canjinta.
A bakin ƙofa ta juyo:
"Tsofaffin da ka cire, suna nan?"

Na tono su daga kwandon shara,
huɗu, masu farin baki,
na auna kowacce, babu sauran wuta,
na naɗe mata su a takardar burodi.